Kwalabe a Bayan Babur

Bukit Jalil, Kuala Lumpur
26 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Yaya gwiwar, ta yi sauƙi? Ina gaida 'yar'uwata Zainabu da maigidanta da duk mutanen gida. Surukinka Abban Zuhra yana gaishe ka, ita ma Zuhra ta ce a gaida Kaka, ko da yake da Turanci ta faɗa.

Na koma rubutu ne saboda kunnen nan naka. Duk kiran da na yi sai mu ƙare kana cewa "na'am?" ni kuma ina ɗaga murya har maƙwabta su leƙo. Daga yau zan riƙa turo wa Zainabu a waya, ita kuma ta buga maka a takarda, ka sa tabarau ka karanta a nutse.

Labarin mace-macen dattawa da ake yi a Kano ya iso mana, kuma hankalina ya tashi, don Ringim ba nisa. Don Allah Baba ka rage shiga taro. Na san ba a jana'iza a unguwa babu kai, amma a wannan karon ka yi musu addu'a daga gida.

Mu ma nan muna cikin kulle tun sha takwas ga Maris. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, 'yan sanda da sojoji sun tsare hanyoyi. Ko kasuwar buɗa-baki da ake ci kowane azumi a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birni, bana an hana.

Abin da ya fi damuna shi ne aikina. Kai da ka yi shekara talatin da biyu kana malamin asibiti ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ina bin masu ciwon suga ɗari huɗu da sha biyu. Duk wata uku suna zuwa in gwada fitsarinsu da jininsu, in auna hawan jini. Abin da nake son ganowa shi ne ko ɗan furotin ɗin nan da ke fara zuba a fitsari, tun mutum bai ji komai a jikinsa ba, zai iya nuna mana wanda ƙodarsa ko zuciyarsa za ta gaza nan da shekara uku. Na ci shekara biyu, har na fitar da ƙananan maƙaloli biyu a mujallun likitanci. Shekara ta ukun ita ce mai amsar. To ga shi an mayar da asibitinmu na masu korona, an rufe ɗakin da nake ganin mutanena, kuma ba a sa ranar buɗewa ba.

Shekaranjiya Farfesa Noraini, malamar da ke kula da bincikena, ta kira ni. Mace ce mai kirki, ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ko dai in rubuta abin da na samu in haƙura da babbar tambayar, ko in jira a buɗe, alhali wa'adin da hukumar da ta turo ni karatu ta ba ni ba zai jira ba. Idan kuma gwajin ya tsallake wata shida, masu mujallu ba za su karɓi sakamakon ba.

Baba, na yi kuka bayan ta ajiye waya. Na san ba ka son a tayar da zancen Inna, amma ita na tuna. Wata takwas muna jigila zuwa Kano wankin ƙoda, kuma da an duba fitsarinta shekara biyar kafin nan, da wataƙila an tare abin da wuri. Saboda ita na zaɓi wannan fanni. Ban zo ƙasar nan don in koma da rabin amsa ba, amma a yau ban san ta inda zan ɓullo ba.

Ka sa ni a addu'a lokacin shan ruwa. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lailatu

*

Bukit Jalil
19 ga Yuli, 2020

Baba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kuma damina ta sauka da albarka. An gama noman farko? Ina gaida kowa da kowa. Mu nan lafiya lau, an sassauta kulle, har Abban Zuhra ya koma jami'arsu kwana biyu a mako.

Zainabu ta ɗauko hoton amsarka ta turo min. Na gane rubutunka tun kafin in buɗe hoton sosai. Ka ba ni labarin shekarar da ƙyanda ta ɓarke, mutanen ƙauyuka suka ƙi zuwa asibiti, ka riƙa ɗaure akwatin magani a bayan keke, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, kana bin su gida-gida. Ba ka ce min in yi komai ba, labari kawai ka ba ni. Washegari na ɗauko littafin da lambobin mutanena suke ciki na fara kira.

Mako uku na yi kafin in gama zagaye su. Yawancinsu tsofaffi ne, ba sa jin Turanci sosai, ni kuma Malayancina na kasuwa ne. A nan ne na yi abin kunya. Akwai wata dattijuwa a Kampung Baru, Makcik Salmah. Makcik kamar a ce gwaggo ne a wurinsu. Shekararta sittin da uku, tana sayar da shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. A harshensu fitsari kencing ne, kyanwa kuma kucing. Ni kuwa cikin girmamawa na tambaye ta ko za ta iya zuba min kyanwarta ta farkon safiya a kwalba. Ta yi dariya har ta riƙa tari, ta kira mijinta ta sa na maimaita masa. Ta ce kyanwar tata ta yi ƙiba, ba za ta shiga kwalba ba.

Daga wannan dariyar muka saba. Da na gaya mata damuwata, cewa ba ni da hanyar karɓo fitsarin, sai ta ce ai abu mai sauƙi ne. Surukinta Azman direban tasi ne a filin jirgin sama, aiki ya tsaya, yanzu da babur yake kai wa mutane abincinta, shi da abokansa uku. Zuwa ƙarfe tara na safe sun gama rabo, sai zama. Ta ce in saya musu kula daban, kada in haɗa mata fitsari da shinkafa, su kuma su bi gidaje su karɓo.

Na rubuta tsarin na kai wa Farfesa. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce "boleh", wato zai yiwu. Kwamitin da ke ba da izinin bincike ya riƙe takardar mako biyar, ya yi tambayoyi goma sha bakwai, a ƙarshe ya amince. Yanzu kullum da safe babura huɗu suna fita da kwalabe masu lamba da kula cike da ƙanƙara. Mutum ya ajiye tasa kwalbar a bakin ƙofa cikin leda, ba a ko gaisawa da hannu. Kafin azahar suna gabana a ɗakin gwaje-gwaje. Jini kuwa da awon hawan jini, ƙananan asibitocin unguwanni suke yi min.

Akwai abin da na gano a kiran wayar da ban fita nemansa ba. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya ya daina shan magani, don maganin ya ƙare kuma yana tsoron zuwa asibiti ya kwaso cuta. Wani dattijo ɗan asalin Sin, Mista Lim, mai sayar da kifi a kasuwar Chow Kit, yana magana ina jin numfashinsa yana yankewa. Na tambaye shi yadda yake barci, ya ce mako biyu ke nan a zaune yake kwana a kujera, idan ya kwanta sai ya ji kamar ana nutsar da shi a ruwa. Takalminsa ma ya daina shiga. Baba, ka san abin da wannan ke nufi. Na ce ya tafi asibiti yanzu, ya ce shi ba zai je inda ake mutuwa ba. Minti arba'in na yi a waya, har na sa ya miƙa wa 'yarsa, na gaya mata ƙiri-ƙiri cewa idan ya kai jibi a gida ba na jin zai ga mako mai zuwa. Ta sa shi a mota. Ruwa ne ya cika masa huhu, zuciya ta fara gazawa. Kwana tara ya yi aka sallame shi da ƙafarsa.

Na kai wa Farfesa lissafin waɗanda suka daina shan magani, ita kuma ta kai gaba. Yanzu asibiti ya fara aika wa tsofaffi maganinsu har gida. Mun rubuta wannan a matsayin maƙala ta uku, kuma an karɓa cikin kwana ashirin, don duniya tana neman irin wannan labari yanzu.

Ka ga yadda labarin kekenka ya yi nisa. Ina yi maka barka da Babbar Sallah tun yanzu. A ajiye min kason kilishina a zuci.

Taka har kullum,
Lailatu

*

Bukit Jalil
7 ga Fabrairu, 2021

Mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyali baki ɗaya. Na ji an yi wa Zainabu ƙaruwa, kuma an sa wa yaron Hussaini. Allah Ya raya shi, Ya ba mai jego lafiya. Ka yafe min jinkirin rubutu, watannin nan ba su bar ni na zauna ba.

An sake kulle mu tun tsakiyar Janairu, amma kafin nan na gama tattara gwajin shekara ta uku. Cikin mutum ɗari huɗu da sha biyu na samu ɗari uku da saba'in da ɗaya. Farfesa ta ce ko a lokacin lafiya ba kowa ke samun haka ba. Amsar kuma ta fito sarai. A cikin mutanena, waɗanda furotin ya fara zuba a fitsarinsu tun shekarar farko, su ne mafi yawan waɗanda ƙodarsu ta yi rauni ko zuciyarsu ta ba da matsala, ko da sugansu yana nuna daidai. Ranar da na ga jadawalin a kwamfuta na tashi na yi sujada a nan cikin ofis.

Sai dai murna ta zo da wuri. Na rubuta babbar maƙalar na aika wa wata mujalla, suka dawo da ita cikin mako guda ba tare da dalili ba. Na aika wa ta biyu, ita kuma ta ba masana uku su duba, ba a faɗa wa mutum sunayensu. Biyu sun yaba. Na ukun ya rubuta shafi biyu, ƙarshensu shi ne ba za a amince da fitsarin da ya yi yawo a bayan babur cikin zafin ƙasa irin wannan ba, don haka duk gwajin shekara ta uku ba shi da amfani. Aka ƙi karɓa.

Baba, kwana biyu ban iya cin abinci ba don haushi. Na riƙa zagaye falo ina faɗa da mutumin da ban san fuskarsa ba. Abban Zuhra ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni a hankali ko ni kaina na taɓa gwadawa na ga babur ba ya ɓata fitsarin. Ban taɓa gwadawa ba. Na ɗauka ne kawai. Masanin nan ya ɓata min rai, amma tambayarsa tana kan hanya.

Saboda haka na gwada. Na karɓi fitsarin masu ciwon suga sittin da ke kwance a asibiti, da izininsu, na raba kowanne gida uku. Kashi na farko na gwada nan take. Na biyu na sa a kula da ƙanƙara. Na uku na sa a akwatin babur haka nan, babu ƙanƙara ko ɗaya. Na ce wa Azman ya yi ta yawo da su awa shida cikin rana, ya bi duk hanyar da ta fi gargada da cunkoso. Kwana goma muna wannan.

A rana ta huɗu 'yan sanda suka tsayar da shi a shingen da ke kusa da Chow Kit. Ya nuna takardar izini, amma wani jami'i ya ce sai ya ga abin da ke cikin kular, don ya zaci abinci ne ake fakewa da sunan asibiti. Azman ya ce ya gargaɗe shi har sau biyu. Mutumin ya buɗe, ya ɗago kwalba ɗaya ya karanta, ya mayar da ita a hankali, ya ce ya wuce. Azman ya ce tun daga ranar da sun hango shi suke ɗaga masa hannu ya wuce.

Sakamakon ya fi abin da na yi fata. Tsakanin wanda aka gwada nan take da wanda ya sha yawo a kula, bambancin bai kai a ambata ba. Har wanda babu ƙanƙara ma bai kauce da yawa ba a cikin awa shidan. Na rubuta wannan shi kaɗai a matsayin maƙala ta huɗu, shafi biyar kacal. Farfesa ta ce kada in raina ta, wataƙila ta fi babbar amfani ga ƙasashen da asibiti ke nesa da mutane.

Jiya na haɗa duka na aika wa mujalla ta uku, wadda ta fi biyun farko girma a fannin ƙoda. Farfesa ce ta ce mu nufi sama, tunda yanzu muna da amsar kowace tambaya. Sai jira. Ka taya ni da addu'a kamar yadda ka saba.

Ina gaida Liman da sauran abokan zamanka na ƙofar gida, tare da roƙon ku riƙa ba da tazara a kan tabarmar.

'Yarka,
Lailatu

*

Bukit Jalil
15 ga Agusta, 2021

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Na ji daɗi da Zainabu ta ce ka karɓi allurar riga-kafi, har ka ja Liman kuka tafi tare. Mu ma mun karɓi namu biyu-biyu, kuma lafiyarmu ƙalau, ka kwantar da hankalinka kafin ka karanta sauran.

Watanni biyun nan su ne mafi tsanani tun da cutar ta zo. Asibitoci sun cika har ana kwantar da mutane a baranda. A unguwanni za ka ga an rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare a gidan, maƙwabta su kawo abin da suke da shi. Matan 'yan Najeriya da ke nan Bukit Jalil mun riƙa dafa shinkafa muna ƙullawa, Abban Zuhra yana ajiyewa a ƙofofin.

Cikin mutanena ashirin da uku sun rasu. Ba ni da izinin duba majinyata a ƙasar nan, don haka abin da na iya shi ne waya. Ina kiran su, ina nema musu gado, ina gaya wa 'ya'yansu alamun da za su lura da su. Na san muryar kowannensu, na san wanda ke ɓoye min yana shan shayi da madara mai zaƙi. Yanzu in na zo kan lambarsu a littafi sai in tsallake.

Mijin Makcik Salmah yana cikinsu. Tare suka kamu. Shi ya rasu a kwana na biyar, ita tana wani ɗakin da bututun iska a hanci, ba ta sani ba. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Saboda mun san ƙodarta tana da rauni tun bara, na sanar da likitocin da ke kanta tun ranar farko, suka kiyaye irin magungunan da za su ba ta. Ta fito, ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba. Da na kira ta ta'aziyya, ita ce ta ƙare da ba ni haƙuri, har tana tambaya ko in turo Azman ya karɓi kwalbar wannan watan.

A cikin wannan makon, ranar Talata da hantsi, saƙon mujallar ya shigo. Sun karɓi babbar maƙalar, gyara kaɗan kawai suka nema, kuma editan ya ce za su sa ta a farkon fitowar Oktoba. Na karanta sau uku. Na kira Farfesa, wadda ke ɗakin masu korona cikin rigar leda tun safe. Ta yi kabbara da ƙarfi har na ji wata nas tana tambayar ko lafiya.

Ban san yadda ake murna da makoki a mako ɗaya ba, amma na yi duka biyun. A ƙarshen maƙalar akwai wurin godiya. Na sa Makcik Salmah, na sa Azman da abokansa uku da sunayensu, na sa waɗanda suka rasu a jumlace. Na kuma sa Malam Hambali na Ringim, malamin asibiti mai ritaya, wanda ya fara wannan aiki da keke. Na san za ka ce ba ka yi komai ba. An riga an aika, ba ya goguwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yaye mana wannan annoba. A shafa min kan Hussaini.

Mai begen ganinka,
Lailatu

*

Bukit Jalil
20 ga Maris, 2022

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan kana cikin lafiya da walwala, kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Yaya zafi? Yaya shirin azumi?

Baba, an gama. Ranar Alhamis na kare kundin digirin digirgir, kuma na ci.

Ta allon kwamfuta aka yi, ni da Farfesa a ɗaki ɗaya da takunkumi a fuska, masu jarrabawa uku kowanne a ƙasarsa. Awa biyu da minti arba'in suna tambaya. Babbansu wani dattijon Bature ne mai farin gashi, shi ya fi matsa min, ya bi jadawalina layi-layi. Da aka zo ƙarshe sai ya gyara zama ya ce yana da abin da zai faɗa wanda ba tambaya ba ne. Ya ce shi ne masanin nan na uku da ya ce fitsarin babur ba shi da amfani. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana duba maƙaloli, mutane da yawa sun mayar masa da martani da zafi, kaɗan ne suka mayar masa da gwaji. Yanzu haka, in ji shi, ɗalibansa biyu suna amfani da hanyata a wasu tsibirai da jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a rana. Na ce masa na gode da ya ƙi ni. Duk suka yi dariya.

Suka fitar da ni minti goma, suka dawo da ni, shugaban zaman ya kira ni Dakta Lailatu Hambali. An daɗe ana kirana dakta a asibiti, amma wannan ta shiga kunnena daban. Farfesa ta manta da dokar tazara ta rungume ni.

Maƙaloli bakwai suka fito daga aikin nan gaba ɗaya: uku a kan ƙoda, biyu a kan zuciya, ɗaya a kan masu daina shan magani, sai 'yar ƙaramar ta babur, wadda ta fi sauran yawan masu ambato, kamar yadda Farfesa ta hango. Tsangayar likitanci kuma ta zaɓi kundina a matsayin wanda ya fi kowanne a bana. Na buga duka bakwai ɗin a takarda mai kyau, na sa an ɗinke su wuri ɗaya da bango kore, naka ne.

Jiya Asabar Makcik Salmah ta haɗa mana walima a tsakar gidanta na katako a Kampung Baru, dogayen benayen birni suna leƙo mu ta sama. Mutanena sun fi arba'in da suka zo, wasu ranar na sake ganin fuskarsu bayan shekara biyu ina jin murya kawai. Mista Lim ya kawo kifi guda wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi daga mota. Azman ya koma tasinsa, amma ya zo da babur ɗin don a ɗauki hoto. Makcik ta dafa komai da rabin sukarin da ta saba, ta kuma sanar da kowa cewa laifina ne. Da za mu tafi ta cika mana leda uku, ta ce tapau, wato ƙunshin tafiya da shi gida.

Farfesa ta yi min tayin zama, aikin shekara uku a sashenta. Na yi istihara, mun yi shawara da Abban Zuhra, wanda shi ma ya miƙa kundinsa, na ba ta haƙuri. Dalili shi ne wasiƙar da na samu a watan jiya daga wani Dakta Ubale, likita a nan yankinmu. Ban san shi ba. Ya ce ya karanta maƙalar babur a wayarsa, kuma yana da ƙauyuka goma sha biyu a kewayen Ringim da masu ciwon suga ba sa zuwa sai ƙafa ta kumbura. Ya riga ya yi magana da shugaban 'yan acaɓa, sun yarda. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tsara aikin ya kuma karanta sakamakon. Na amsa masa a ranar.

Za a buɗe iyakokin ƙasar nan ranar ɗaya ga Afrilu. Mun sayi tikiti, za mu sauka Kano ranar Asabar tara ga wata in Allah Ya yarda, mu kwana, Lahadi mu sha ruwa tare da kai. Zuhra tana ta haddace gaisuwa da Hausa, ka yi haƙuri da abin da za ka ji.

Saura magana ɗaya, kuma kada ka yi wa Zainabu faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun sanyin bana kana yawan shan ruwa, kana yawan zagayawa, wandunanka kuma sun yi maka yawa, kuma duk wanda ya ce ka je a gwada sai ka ce kai ka san jikinka. Na yarda ka san shi. Ni ma ina so in san shi. Idan ma sugan ne, yanzu ne lokacin da ake cin ƙarfinsa, kuma shekara huɗu na yi ina koyon yadda ake yi.

Aikin Ringim zai fara da mutum ɗari biyar. Na riga na sayi kwalaben, suna cikin akwatina. Ta farkon na rubuta mata lamba ɗaya da hannuna, na sa ta a jakar hannu don kada ta ɓata a hanya. Ranar Litinin da safe zan miƙo maka ita, kuma ba sai an kira ɗan acaɓa ba, ni zan kai ta da kaina.

Sai mun iso. Allah Ya kai mu watan lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarka mai yi maka biyayya a komai ban da wannan,
Lailatu